Kofin Tsakiya

Ranar Talata ce a tsakiyar lokacin sanyi. Tun asuba ake yayyafi a Bur Sa'id, tashar jiragen ruwa ta Masar, iska tana tasowa daga teku tana ratsa riga har ƙashi. Ranar ce aka sa za a ɗaura mini ɗamara.

Kawuna Garib ɗan dabo ne, cikin waɗanda ke hawa jiragen fasinja idan sun tsaya shan kwal da ruwa. Kayan aikinsa kofuna uku na tagulla, 'yar sanda, 'yan ƙwallaye, 'yan tsaki uku, sai kuma bakinsa. Abin da ya fi su duka daraja shi ne lambar da yake ratayawa a wuya. In babu ita, ɗan sandan tasha ba zai bar ka ka taka tsanin jirgi ba, sai dai ka yi wasanka a bakin titi gaban yara da 'yan dako, waɗanda ba su da abin ba ka sai dariya. Lambobin ƙidayayyu ne. Ba a buga sabuwa, sai wani ya mutu ko ya ajiye tasa.

Bara hannun daman Kawu ya soma rawa. Da farko yana ɓoyewa, daga baya kofi ya riƙa ƙara a hannunsa kamar ƙararrawa. Shehi Madbuli, shugaban 'yan dabon tasha, ya ce masa ya kawo magaji a gwada shi. In ya ci, lamba ta zauna a gidanmu. In ya faɗi, ta koma wuyan Abbuda, wanda ya daɗe yana jiran a mutu ko a gaji. Da lambar nan ake ciyar da Kawu da matarsa, da uwata, da ni.

Ni ne magajin. Na bar makaranta tun ban iya rubuta wasiƙa ba. Na yi dakon kwal, na kai shayi, na tuƙa kwale-kwale, na yi gyaran kifi, babu inda na daɗe. In na zauna wuri ɗaya ƙafata ƙaiƙayi take yi. Dabo ne kaɗai ya riƙe ni, don shi ne aikin da ba ya barin yatsu su huta.

"Ina kake kallo, ɗan Yaya?" Haka Kawu yake fara mini kullum. "Hannunka kake kallo? To su ma hannunka za su kalla. Dubi fuskar mutumin, tambaye shi lafiyar surukarsa." In na yi sauri sai ya buge mini wuyan hannu da sanda. "Wa ya biyo ka? Yi kamar kana zuba shayi." Amma abin da ya fi nacewa a kai shi ne hannu ya daina neman izini. Yakan tsugunar da ni ya sa in yi ta ɗauko ɗan tsako daga aljihun ƙasa ina sa shi ƙarƙashin kofin tsakiya, ina kuma ba shi labarin abin da na ci jiya, ko ina jero masa sunayen jirage. "Ranar da ka ɗaga kofi ka ga ɗan tsako kai ma ka yi mamaki, to ranar ka iya." Kafin sanyi ya shigo na kai wurin.

Da safen nan na sa jallabiyata, wadda uwata ta ɗinka wa aljihu uku ta ciki, biyu a ƙirji, ɗaya ƙasa da cibiya. Sai ga Kawu ya shigo da ƙunshi a hammata.

"Cire wannan tsumman," ya ce. "Ga wadda za ka sa."

Tsohuwar jallabiyarsa ce mai ratsin shuɗi, tana warin akwati.

"Kawu, ai ni da tawa na saba."

"Da wannan aka ɗaura mini ɗamara. Da ita aka ɗaura wa kakanka. Kai ne za ka je gaban Shehi da rigar da aka ɗinka da zaren katifa?"

"Ina jin ka, Garib," in ji uwata daga bakin murhu. "Zaren katifar nan shi ya rufa maka asiri shekara da shekaru."

"Yaya, ki ji da wakenki kada ya kama."

Na sa. Kawu gajere ne, ni kuwa dogo, rigar ta tsaya mini a ƙwauri. Aljihunan ƙirji sun hau sama kaɗan, ba damuwa. Na ƙasan ma ya hau, amma ban kula da inda ya tsaya ba, don hankalina yana kan 'yan tsakin. Na ɗumama hannuna a murhu, na ɗauko su daga kwando ɗaya bayan ɗaya, na sa kowanne a ɗakinsa. Ɗan tsako in ya sami ɗumi da duhu yakan yi shiru kamar babu shi. Hannu mai sanyi ne ke sa shi kuka. Uwata ta miƙo mini gurasa da wake, na ajiye, muka fita.

A shagon shayin da ke bakin tasha 'yan dabo sun cika, kowa da mayafi a kafaɗa. Ka'idar kowa ya san ta. Za ka zo da kayanka a jikinka, Shehi ya ɗaura maka ɗamara da ƙulli uku, a yi Fatiha. Daga nan ba ka magana sai ka taka jirgi, kuma ba ka taɓa ɗamarar sai Shehi ya kwance ta da hannunsa. A jirgi abu biyu ake dubawa: baƙo ya ɗaga kofin tsakiya da hannunsa ya tarar da ɗan tsako mai rai, kuma kada idon baƙo ko ɗaya ya ga aljihu.

"Ga ango," in ji Abbuda da na shiga. "Rigar ƙaninka ka aro, Rizk? Ko ruwan sama ne ya tsuke ta?"

"Gara haka," wani tsoho ya ce daga lungu. "Ba zai taka gefen riga a tsani ya faɗa ruwa ba, kamar yadda wani ya yi bara."

Aka kwashe da dariya. Abbuda ya mayar da bakinsa kan shayi.

Shehi Madbuli ƙaton mutum ne, hannuwansa kamar na mahauci, amma yana ɓatar da ƙwai a gaban hancinka. Ya ɗauko jar ɗamara ya zagaya ta a ƙuguna, aka ɗaga hannuwa. A wurinmu tsananin ƙulli girmamawa ne. Wanda Shehi ya ɗaure sako-sako, an raina gidansu. Shi kuwa yana ganin girman Kawu. Ya ja ƙullin farko har numfashina ya tsaya.

Nan na ji. Aljihun ƙasa bai sauka ƙasa da ɗamara ba kamar yadda yake zama a jikin Kawu. Yana daidai ƙarƙashinta. Wani abu mai laushi ya motsa a jikin cikina, ƙananan farata suka karce ni ta cikin yadi.

Na buɗe baki. An riga an soma Fatiha. Abbuda yana kallona ta saman tafukansa. Na rufe bakin. Shehi ya ja na biyu, ya ja na uku.

Mu huɗu ne a kwale-kwale: Shehi a gaba, Kawu kusa da ni, Abbuda yana tuƙi, don al'ada ce mai jiran lamba ya zama shaida. Jirgin yana can tsakiyar ruwa, fari, hayaƙinsa yana kwanciya gefe saboda iska. Na tsuke cikina iyakar ƙarfina don in samar wa ɗan tsakon wuri, ina numfashi da ƙirji kawai. Duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke, sai cikina ya saki da kansa, in ji shi yana shure-shure. Na kai hannu kusa da ƙugu kamar zan yi susa.

"Ƙaiƙayi ne, ango?" in ji Abbuda. "Shehi, kana gani kuwa?"

"Tuƙa kawai," Shehi ya ce, bai waiwayo ba.

Na mayar da hannu kan gwiwa. Kawu yana ta raɗa mini gargaɗi a kunne. "Nemi inda iska ba ta bugu. Ba bango baya, kada kowa ya tsaya a bayanka. Fara da mai ƙiba, shi ke fara dariya. Kuma kada ka ɗauki ƙaramin yaro, ka ji? Babba yana kallon inda ka kalla. Yaro hannu yake kallo, ba ruwansa da surutunka."

Muna tsakiyar hanya shure-shuren ya ragu. Sai ya tsaya.

Kawu ya kawo kunnensa kusa da ƙirjina, ya yi murmushi. "Ka ji? Tsit. Sun sami ɗumi. Na gaya maka rigar nan tana da albarka."

Na dubi ruwa. Na ce wa kaina wataƙila barci ya yi. Duk da haka na yanke shawara ba zan taɓa aljihun ƙasa ba yau. In lokacin kofin tsakiya ya zo, zan ɗauko na ƙirjin hagu. Zan ƙare da 'yan tsaki biyu maimakon uku. Baƙi ba su san ƙidayarmu ba, ka'ida kuma ba ta ce sai uku ba. Na yi ta maimaitawa a zuci, ƙirjin hagu, ƙirjin hagu, har muka isa gindin tsani.

Kawu ya cire lambar ya rataya mini a wuya. Hannunsa ba zai riƙe igiyar tsani ba, don haka aka ɗaure kwale-kwalen aka bar shi ciki, ya rufe kansa da buhu.

Fasinjoji sun taru a wani wuri mai rumfa saboda ruwan. Turawa ne yawancinsu, cikin manyan riguna, sun gaji da kallon teku. Na tsuguna na ba bango baya. Tsugunon ya ƙara matse ɗamarar. Na jera kofuna, na buga na tsakiya da sanda, na yi kiran da 'yan dabo ke buɗe wasa da shi.

"Gala-gala-gala!"

Muryata ta fito siririya. Na sake, ta fito daidai. Da 'yan kalmomin harshensu da na tsinta a tasha na kira wani mai tumbi Kyaftin, na ciro ƙwallo daga kunnensa, sannan na leƙa kunnen na yi kamar na tsorata da abin da ya rage a ciki. Ya yi dariya har sarƙar agogonsa tana tsalle. Sauran suka biyo shi. Ƙwallo ya shiga kofin dama ya fito a na hagu. Ɗan tsakon ƙirjin dama ya fito daga hular wani tsoho, ya yi kuka daidai lokacin da ya dace, mata suka yi ihu, na ɓatar da shi ya koma ɗakinsa. Ban taɓa yin wasa mai daɗin wannan ba. Na daina jin sanyi. Na daina jin ɗamara. Na hango Shehi jingine da ƙarfe yana gyaɗa kai, Abbuda kuma ya haɗe rai.

Na ce ina neman hannu mai sa'a. Matar da na zaɓa da ido ta ja da baya tana dariya, sai wata yarinya ta kutso ta tsakanin ƙafafun mutane ta durƙusa a gabana. 'Yar ƙarama ce, da jar hula, da giɓi a haƙoran gaba. Mutane suka yi tafi. In na kore ta wasan ya mutu. Na kama hannunta da hannun hagu, ina tambayarta sunanta, ina gaya wa mai tumbi kada ya yi kishi, shi ma za a zo kansa.

Ina cikin wannan surutu hannuna na dama ya tafi da kansa. Bai tambaye ni ba. Ya shiga ta tsagar riga, ya zaro abin da ke ƙarƙashin ɗamara, ya kai shi inda ya saba kai shi. Sai da bakin kofi ya taɓa katako sannan yatsuna suka gaya mini abin da suka riƙe: wuya ya langaɓe, ƙafafu a miƙe, babu bugun nan da kake ji a tafin hannu kamar agogo. Hannun hagu kuwa ya riga ya ɗora tafin yarinyar a kan kofin.



Akwai hanyar fita guda ɗaya, Kawu ya taɓa nuna mini. Ka karkata kofin ta baya da sanda, ƙaramin yatsa ya jawo abin da ke ciki, ka tura wani a madadinsa, hannun baƙo yana sama bai sani ba. Amma sai idon baƙon ya bar wurin, ko da na ƙiftawa ne.

Na ce ta hura kofin. Ta hura, idonta a kan yatsuna. Na nuna sama na yi ihu kamar na ga wani abu a bakin rumfa. Kowa ya ɗaga kai, mai tumbi, uwar yarinyar, har ma'aikacin jirgi mai fararen kaya. Ita ko gezau. Sai ma ta ƙara danne kofin da hannu biyu tana dariya, ta gane so nake in yaudare ta.

Shehi ya daina gyaɗa kai. Ya san tsawon wasan kofin tsakiya, ya kuma san na wuce shi.

"Ɗaga mana, ango," Abbuda ya ce da harshenmu, a hankali, yana yi wa baƙi murmushi. "Ko amaryar ba ta gama kwalliya ba?"

Na ciro ƙwallo daga hancin yarinyar na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Na ce ta rufe ido mu kira aljanu. Ta girgiza kai. Na sa mai tumbi ya yi kukan zakara, ya yi, kowa ya juya gare shi, ita tana nan. Uwarta ta sunkuyo ta ce mata wani abu, na tsinci kalmar tsuntsu a ciki. Yarinyar ta washe giɓinta, ta dube ni, ta soma ɗaga kofin. Na ɗora sanda a kai na danne. Ta ja, na danne. Mutane suna dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Na ga bakin kofi ya rabu da katako ta wajena, na ga 'yar ƙafa ɗaya a miƙe.

Na san abin da yara ke yi da ɗan tsako. Da hannu biyu suke ɗauka su kai kumatu.

Hannun dama yana danne da sanda, na kai na hagu na finciki wuyan rigar, na zazzage aljihunan ƙirji. 'Yan tsaki biyu suka faɗo kan katako suna ihu. Aljihun hagu ya juyo waje yana reto, baƙin yadi da ɗinkinsa, a gaban kowa.

Yarinyar ta saki kofi ta bi su da rarrafe. Na share kofin da abin da ke cikinsa na jefa a jaka.

Mai tumbi ne ya fara nunawa. "Aljihu!" ya ce da harshensu, yana bubbuga ƙirjinsa yana nuna wa na kusa da shi. Dariya ta tashi, amma ba irin ta ɗazu ba. Tsohon nan mai hula ya matso ya sa yatsa cikin aljihun ya leƙa. Wani ya ɗaga gefen rigata yana neman sauran. Ɗan tsako ɗaya ya shiga hannun yarinyar. Ɗayan ya ruga ya fita daga rumfa, iska ta kwashe shi ta ƙarƙashin ƙarfen gefe. Ban ga saukarsa ba.

Shehi ya tashi daga jikin ƙarfen. Ya juya ya nufi tsani.

Kawu ya yaye buhu daga kansa tun muna sama. "Yaya? Yaya aka yi? Har nan nake jin dariyarsu, wallahi! Madbuli, ban gaya maka ba?"

Muka sauko cikin kwale-kwalen. Abbuda ya kwance igiya ya ɗauki abin tuƙi. Shehi ya ce in matso, ya soma kwance ƙullin. Sun jiƙe sun ƙara tauri, sai da ya sa haƙori. Da ɗamarar ta faɗi, ga wani ɗan tabo a jikin yadin, da 'yan gashi rawaya manne a bakin aljihu. Na buɗe jaka na nuna masa cikin kofin.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ƙullin farko, Shehi."

"Ba ka da baki ne?"

"An soma Fatiha."

Ya dubi ɗamarar a hannunsa. "Haka ne. An soma."

Kawu ya kai hannunsa mai rawa kafaɗata, ya auna da taƙi daga kafaɗa zuwa aljihun. Ya auna a jikinsa. Ya sake aunawa a jikina.

"Madbuli," ya ce, "rigar ce. Ni na sa shi ya sa ta. Yana cewa a'a, na ƙi ji. Laifina ne, ba nasa ba."

"Ni kuma na ja ƙullin, Garib. Da mataccen ɗan tsako ne kawai, da na ce a sake gwaji a wani jirgin, in ga wanda zai yi mini musu." Ya ɗan dubi Abbuda, Abbuda ya dubi ruwa. "Amma rabin jirgi sun ga aljihu. Gobe suna tashar Suwez suna ɗaga wa 'yan'uwanmu 'yan dabo riga. Me zan ce wa mutanen can?"

"Yarinya ce, Shehi," na ce. "Da ta ɗauka."

"Na gani. Ina da jikoki." Ya miƙo tafinsa. "Kawo."

Na dubi Kawu. Bai dube ni ba, yana riƙe da hannun damansa da na hagu don ya daina rawa. Na cire lambar. Igiyarta ta maƙale a kunnena, sai da na sunkuya. Shehi ya naɗe ta cikin ɗamarar ya sa a aljihu. Har muka isa gaɓa Abbuda bai sake kira na ango ba.

Ga abin da muka rasa ranar. 'Yan tsaki uku: ɗaya a ƙarƙashin ɗamara, ɗaya a teku, ɗaya ya tafi da yarinya mai jar hula. 'Yar sandar Kawu, da na bari a saman jirgi. Wuyan jallabiyar kakana, da ya yage har ƙirji. Da lamba.